Ƙugiyoyi a Cikin Toka

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya san abin da na ɓoye tun ban buɗe baki ba. Asma'u, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini komai. In kin ji na yi shiru ki jira ni, kuka ne, zai wuce. Ni ban yi karatu ba, ko sunana ban iya sawa a takarda ba, shi ya sa na jira har kika zo hutu. Abin da nake so ku sani, ke da yayyenki biyu, shi ne ba ciwon gwiwa ne ya raba babanku da kamun kifi a Riyad ba. Haka ya gaya muku, ni kuma na bar ku a kan haka shekara da shekaru. Ni ce na raba shi da shi.

Kun san babanku Basarke ne, jinin masunta, mutumin Yawuri, a bakin kogi aka yanke masa cibiya. Ni kuwa 'yar Funtuwa ce, babanmu auduga yake saye, ruwan da na sani bai wuce na rijiya ba. Ranar da za a kai ni, gwaggona ta ja ni gefe ta ce in riƙa lura, Sarkawa ba su rasa abin da suke ba ruwa, kuma ba sa gaya wa matansu. Na yi dariya a lokacin. Ban san maganar ta samu wuri ta kwanta a cikina ba.

Da muka je Riyad, direba ne shi a wani asibiti, yana ɗauko likitoci daga gidajensu ya kai su aiki ya mayar. A unguwar Utaiƙa muka zauna, hawa na biyu, ɗaki biyu da falo, tagarmu tana kallon bangon maƙwabta. Shekarun farko ban ji ya yi ƙorafi ba, amma ina ganinsa. Mutumin da ya tashi yana jin ƙarar ruwa, ga shi a garin da sai ka buɗe famfo kafin ka ga ruwa. Ran Alhamis da babu aiki sai ya yini kwance yana kallon silin. Cikin likitocin da yake ɗauka akwai wani tsohon Bature, likitan ƙashi, shi ne ya ce masa wata rana ya kai shi kudu da gari, can inda kwarin nan da suke ce wa wadi yake da ruwa mai gudu duk shekara. Babanku ya dawo ranar da taɓo har gwiwa, idonsa yana ƙyalli. Ya ce, Rabi, ashe akwai kogi a bayan garin nan, da ciyayi da tsuntsaye da kifi. Na ce rana ce ta taɓa shi.

Baturen nan ba da taru yake kamu ba, ba kuma da tana ba. Wata doguwar sanda gare shi, siririya, da igiya mai nauyi da ake kaɗawa a iska, sai ƙaramar ƙugiya da aka yi wa ado da gashin tsuntsu da zare har ta koma kamar ƙwaro. Shi ya koya wa babanku. Shekarar da aka yi yaƙin Kuwaiti ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar masa sandar da wani ɗan ƙarfe mai cizo da ake ɗaurawa a bakin tebur don ya riƙe ƙugiya. Daga nan falonmu ya canja. Duk ranar da ya dawo da wuri, bayan la'asar, sai ya ja tebur kusa da taga, ya sa tabarau, ya ɗaura ƙugiyar da ba ta fi ƙumbar yaro ba, ya yi ta naɗa zare. Alhazai in za su zo daga gida, wasu yaji da daddawa suke saƙo a kawo musu, shi gashin zabo yake saƙo a ambulan. In an yanka ragon layya sai ya yanke gashin wutsiya ya wanke ya shanya. Kowane ƙwaro ya gama sai ya ɗaga shi a haske ya juya, ya hura masa iska, sannan ya soke shi a cikin wani akwatin katako da ya shimfiɗa wa soso.

Nakan tsokane shi. Wata rana ina tankaɗe na ce:

"Jikan masu kashe giwan ruwa da mashi, ga shi ya koma yi wa ƙugiya kitso."

Bai ɗago ba ya ce, "Kifin Riyad 'yan birni ne, Rabi. Ba sa cin abinci sai an yi masa ado."

Kifin da yake nema Larabawa shabbut suke ce masa. Ƙato ne, mai manyan ɓawo da ɗan gashin baki, bakinsa yana kallon ƙasa. Babanku ya ce shi ba ya bin abinci da gudu, kiwo yake kamar akuya, kansa cikin laka, wutsiyarsa a sama. Sai ka lallaɓa ka gan shi tukuna, ka ajiye masa ƙwaron taƙi ɗaya gaban bakinsa ba tare da ruwa ya motsa ba, ka bar shi ya nutse, ka jira. In inuwarka ta faɗa a ruwa, shi ke nan, ka tashi ka nemi wani. Akwai wani babba a cikinsu mai yagaggen fiffike, yana ce masa Dattijo. Shekara biyu yana binsa. Sau uku Dattijo ya zo ya shinshina ƙwaronsa ya juya. A tebur in muna cin abinci, labarin Dattijo ake yi kamar wani maƙwabcinmu, har ke, Asma'u, kina tambaya da Larabcinki ko Dattijo yana da 'ya'ya.

Abu ɗaya ne bai taɓa zauna mini ba. Ko sau ɗaya bai kawo kifi gida ba. Ya ce ruwan daga magudanan gari yake fitowa, ko an tace shi ba na cin kifinsa ba ne. In ya kama sai ya cire ƙugiya ya sake shi. Kifin miyarmu kuwa na ƙanƙara ne da yake sayowa a kasuwar Batha. Na kasa gane wannan. A ce mutum ya tashi da asuba, ya ƙona mai, ya tsaya a rana, ya kama abu ya mayar? A Yawuri ko yaro ba zai yi haka ba.

Da sanyin wata shekara ya kai mu wurin, mu duka. Na zauna a inuwar mota da abayata, ku kuna jifa da duwatsu a nesa. Ina kallo ya kama wani matsakaici. Ya durƙusa cikin ruwa, ya riƙe shi da hannu biyu yana kai shi gaba yana dawo da shi a hankali, leɓunansa suna motsi, sannan ya buɗe hannu kifin ya tafi. Ya daɗe a durƙushe yana bin sa da ido. A hanyar dawowa na tambaye shi me yake gaya wa kifin. Ya ce godiya yake wa Allah, kai da kawowar kuma don kifin ya farfaɗo ne. Na ce to. Amma muryar gwaggona ce ta raka ni har gida.

Ba a daɗe ba ya lura da cewa Dattijo wasu 'yan jajayen tsutsotsi yake tona a laka. Ya nemi jan zare irin wannan launi a shagunan Utaiƙa bai samu wanda ya yi masa ba. Sai ya ga wani tsohon jan mayafina da na daina sawa. Ya roƙe ni, na ba shi. Ya riƙa zaro zaren ɗaya ɗaya yana naɗawa, ya yi guda shida, ya sa musu suna 'Yan Rabi. Ya ce in Dattijo ya ƙi waɗannan, to, ba shi da kunya. Ya shirya zai gwada su Alhamis mai zuwa.

Ranar Lahadi Hajiya Lami ta zo mini kitso. Ba ku tuna ta sosai ba, matar wani injiniya ce ɗan Zariya, a unguwar Suwaidi suke zaune, ita ce aminiyata a duk Riyad. Kada ku riƙe ta da komai, ta rasu, kuma abin da ta faɗa da zuciya ɗaya ta faɗe shi. Na tashi neman kibiya a durowar tebur, ta hango akwatin a buɗe. Ta matso ta leƙa. Gashin zabo, gashin dabba, zare ƙulli bisa ƙulli, jere reras. Na ga fuskarta ta canja. Ta tambayi na mene ne, na ce na kamun kifi. Ta ce ina kifin. Na ce sakinsu yake yi. Sai ta nuna jajayen nan shida da yatsa ba ta taɓa ba, ta ce wannan launin ta san shi. Na ce zaren mayafina ne.

Ta rufe akwatin da gefen gyalenta. Ta ce:

"Rabi, kayan jikinki, a ƙulle, da gashin tsuntsu, a kai bakin ruwa a jefa. A garinku me ake ce wa wannan?"

Ta ci gaba da magana a hankali don kada ku ji. Ta ce ko ma ba komai ba ne, ni na san ƙasar da muke. A unguwarsu an kama wani mutumin wajenmu da layu a jaka, tun daga ranar matarsa ba ta sake sa shi a ido ba. Mutawwa, masu tsaron addinin nan, in suka tsayar da motarsa suka buɗe wannan akwati, wa zai tsaya jin labarin kifi? Takardar zamanmu, makarantarku, wuyansa ma, duk ana iya rasa su. Ta gama mini kitson. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce ita dai in ita ce, ba za ta bari abin ya kwana a gidanta ba.

Kwana uku na yi da maganar. Ki rubuta wannan da kyau, Asma'u, nan ne laifin yake. Cikin kwana ukun nan yana shigowa yana fita, ina zuba masa abinci, yana yi mini wasa, kuma ban buɗe baki na tambaye shi ba. Da na ce masa, Malam, ga abin da Lami ta ce, da dariya zai yi, ya warware guda ɗaya a gabana. Amma sai na riƙa kallonsa ta gefen ido. Na riƙa tuno abubuwa ina jera su. Yadda na bar dangina na biyo shi har wata ƙasa ban taɓa yi masa musu ba. Yadda ba na iya fushi da shi ya kwana. Na ce a raina, ashe ko ɗaure ni aka yi? Shekara ashirin da biyu na zaman lafiya na ɗauka na juya su suka zama shaida a kansa.

Ranar Laraba da hantsi, yana wurin aiki, kuna makaranta, na ɗauki akwatin da kaskon turaren wutata na hau saman bene. Na hura gawayi. Na juye ƙwarin gaba ɗaya a kai, aikin shekara biyar, na karanta abin da na iya na tsari. Gashin ya kama nan take, warin ƙauri ya tashi. Na tsuguna na zuba ido, don ina jiran in ga abin da ke ciki. Na san laya, in ta ƙone akwai takarda, akwai rubutu, akwai ƙulli na wani abu. Zaren ya cinye, gashin ya cinye. Babu komai. Ƙugiya ce kawai, tsirara, kowace da 'yar'uwarta, sun yi baƙi a cikin toka. Jajayen nan shida su ne na ƙarshe, na gan su suna naɗewa. Tun wutar ba ta mutu ba na san abin da na yi. Na sa hannu zan ceto ko guda ɗaya, ga tabon nan a yatsana da nake ce muku na man gyaɗa ne.

Ya dawo bayan la'asar da ledar burodi, yana cewa gobe tun asuba zai fita. A ƙofa ya tsaya ya shaƙi iska. Ya dubi tebur, ya dube ni. Bai tambaye ni ba, ya hau sama. Na ji takunsa a bisa kaina, sai ya tsaya. Ya daɗe. Da ya sauko ya wanke hannu a famfo, ya goge, ya zauna a bakin kujera. Na fara zuba magana, Lami ta ce, mutawwa, an kama wani a Suwaidi, yara. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce:

"Na ji. Abu ɗaya zan tambaye ki, Rabi. Tsoronsu kika ji, ko tsorona?"

Da na ce tsoronsu, da ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda, mu ci gaba. Da na ce tsoronka na ji, ka yafe mini, da ya yi fushinsa ya huce, don shi ba mai riƙo ba ne. Na kasa ƙaryar, na kasa gaskiyar. Na sunkuyar da kai ina murza gefen zanena. Ya jira ni. Wallahi ya jira ni. Da ya ga ba zan yi magana ba sai ya gyaɗa kai ya ce:

"Ashe har yanzu Basarke ne ni a gidan nan."

Ya tashi ya yi alwala ya tafi masallaci.

Bai daka mini tsawa ba, ranar ko bayanta. Bai daina cin abincina ba, bai canja mini a komai da za ku gani ba. Washegari Alhamis ya yini kwance yana kallon silin kamar shekarun farko. Sati biyu bayan haka ya ɗauki sandar da ɗan ƙarfen tebur ya ba wani abokin aikinsa ɗan Filifin. Da kuka tambaye shi labarin Dattijo ya ce gwiwarsa ba ta son tsayuwa cikin ruwa yanzu. Ya rufa mini asiri a gabanku, ni kuma na shige cikin rufin na zauna. Wata uku bayan nan mijin Lami da kansa ya zo yana roƙon babanku ya kai shi wadi, wai ya ga irin kamun a talabijin, Turawa ma gasa suke yi. Babanku ya ce ya bari. Ina kicin ina ji.

Na yi ƙoƙarin gyarawa ta hanyar da ba sai na yi magana ba. Na aika aka kawo gashin zabo daga gida, na ajiye masa a durowar tebur. Ya gani, ya mayar da durowar. Na dafa masa abin da yake so. Sau da yawa nakan shirya maganar tun safe, in ce yau in ya dawo zan faɗa, sai ya shigo da sallamarsa da fara'arsa, in ce bari kada in tayar da abin da ya kwanta. Haka shekara uku ta wuce. Yana yi mini wasa har yanzu, amma ya daina ba ni labari. Mutumin da yake dawowa da baki cike da zance ya koma in na tambaye shi aiki sai ya ce alhamdu lillahi.

Sauran kun sani. Ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, magana ta tafi. Muka tattara muka dawo Yawuri, gidan da yake kallon kogi. Abin da ba ku sani ba shi ne, a watannin nan, in yana zaune a zaure, yatsunsa biyu na hagu ba sa hutawa. Sai su kama zaren bakin bargo su yi ta naɗa shi a kan babban yatsa, su warware, su sake. Ku kun ɗauka ciwon ne. Ni na san aikin. Wata rana da hantsi na ɗauko ƙugiya ɗaya, da zare, da gashin zabo, na durƙusa gabansa na riƙe masa ƙugiyar da hannuna, na ce ga ƙarfen tebur ya dawo. Ya dube ni da rabin fuskar nan tasa. Ya karɓi zaren, ya kai zagaye biyu, na uku ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ya yi wani sauti, ban sani ba dariya ce ko kuka. Ya ɗora hannunsa a kan nawa ya bar shi a nan. A lokacin babu kowa sai mu biyu, kunnensa yana ji sarai, ba zai ma iya mayar mini da magana ba. Ko a nan ban faɗa ba. Na ce a raina ai ya gane. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ya rasu.

Ɗauko mini gwangwanin nan na man shafawa a ƙasan akwatina. Buɗe. Su ne. Ranar da na ƙone su na koma sama da yamma na tankaɗe tokar da rariya, na tsince su ɗaya ɗaya. Arba'in da uku ne, har da wadda na riƙe masa a zaure. Ki kai wa yayyenki su gani, kowa ya taɓa da hannunsa. Kada wanda ya jefa su a kogi don tunawa da shi, mutanen garin nan za su gani su ce wani abu, kuma an riga an faɗi isasshe a kansa. Ku ajiye su. In cikin 'ya'yanku an samu mai son ruwa, ku goge masa su da yashi, za su yi haske, ku ce na kakansa ne, mutumin da bai taɓa ba ruwa komai ba sai kifin da ya kama.

Yanzu ki sake layi, ki rubuta wannan shi kaɗai, da manyan baƙi yadda zan iya ganin wurin ko ban iya karantawa ba.

Malam, tsoronka na ji. Kwana uku na zarge ka da abin da ba ka sani ba. Ka yafe mini.

Kin rubuta? Kawo in sa yatsana a kai.